DASHEN ƁARGO: ME YA SA WANI KE DAƊEWA DA LAFIYA, WANI KUWA CIWONSA YA KOMO?

A ce ga mutum biyu, sa'o'in juna, an kwantar da su a ɗaki ɗaya na asibiti, ciwo ɗaya ke damunsu, watau sankarar ɓargo wadda likitoci ke kira mayeloma. Likita ɗaya ya duba su, ya ba su magani iri ɗaya, sa'an nan aka yi wa kowannensu dashen ɓargo, aka sallame su rana ɗaya. Na farko ya koma harkokinsa, ya yi shekara 10 ba abin da ke kai shi asibiti sai dubawa. Na biyu kuwa tun shekara ba ta zagayo ba ciwon ya komo, ya ma fi na da tsanani.

Irin wannan ya daɗe yana aukuwa a manyan asibitocin duniya, ya kuma daɗe yana ɗaure wa likitoci kai. Yanzu an gano babban sashen dalilin. Ashe sunan ciwon ne ɗaya, amma ƙwayoyin da ke haddasa shi iri-iri ne, kuma bambancin yana rubuce a cikinsu tun ran da mutum ya fara zuwa asibiti. Likitan da ya karanta rubutun nan da wuri yakan san irin abokin gaban da zai kara da shi, ya shirya masa daidai ƙarfinsa.

Wane Irin Ciwo Ne?

Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ne masana'antar jini. Cikin ƙwayoyin da ke zaune a wurin akwai waɗansu da ake kira filasma, aikinsu ƙera makaman da jiki ke yaƙar cututtuka da su. Idan ɗaya daga cikinsu ta ɓaci ta shiga hayayyafa ba tsayawa, sai zuriyarta ta cika ɓargo ta hana shi aikinsa. Daga nan jini ya ƙaranta, ƙashi ya yi ta zaizayewa har ya karye ba tare da wani bugu ba, furotin maras amfani da ƙwayoyin ke zubarwa ya toshe ƙoda, mutum kuma ya riƙa kamuwa da cututtuka a kai a kai. Yawanci dattawa ciwon ke kamawa.

An daɗe da sanin ciwon. A shekarar 1845 wani ɗan kasuwa a Landan mai suna Thomas McBean ya kwanta da matsanancin ciwon ƙashi. Likitansa, William Macintyre, ya ga fitsarinsa ya saɓa wa na sauran mutane, aka aika da shi wurin Dokta Henry Bence Jones, wanda ya bayyana wani furotin da ke ciki. Har gobe da sunansa ake kiran furotin ɗin. McBean ya rasu a farkon 1846, aka kuma yi fiye da shekara 100 bayansa ba a sami maganin kirki ba. Sai a 1953 aka harhaɗa wani magani a Landan mai suna melfalan, wanda yake lalata ƙwayoyin sankara, aka fara ba masu mayeloma shi kafin ƙarshen shekarun 1950.

Yadda Ake Dashen

A 1983 likitoci biyu na asibitin Royal Marsden a Ingila, Tim McElwain da Ray Powles, suka nuna cewa idan aka ba da melfalan mai yawan gaske a tashi ɗaya, ciwon yakan lafa har a neme shi a rasa. Matsalar ita ce maganin ba ya zaɓe, da mai kyau da maras kyau duk ƙonewa suke yi, mutum ya yi makonni ba ɓargon da zai yi masa jini. Cikin shekarun 1980 ɗin Dokta Bart Barlogie a Amurka ya bi dabarar ɗebe ɓargon maras lafiya a ajiye kafin a ba shi maganin, bayan haka a mayar masa.

Manomi zai gane wannan dabara da sauƙi, domin kamar ajiye iri ne a rumbu kafin a cinna wa gona wuta. A yau akan fara da ba maras lafiya magunguna na wata 4 zuwa 6 don a rage ciwon. Sa'an nan a yi masa allurar da ke fito da uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo zuwa jijiyoyi, a tace su da na'ura a adana. Sai a ba shi melfalan, bayan kwana ɗaya ko biyu a mayar masa da abin da aka ajiye, kamar yadda ake ƙarin jini. Cikin kwana 10 zuwa 14 sabon jini ya fara fitowa. Da yake nasa ne aka mayar masa, ba a bukatar wani ya ba shi ɓargo, jikinsa kuma ba zai ƙi shi ba. Mai karatu ya lura da wani abu a nan: melfalan ne ke yaƙar ciwon, dashen kuwa ceto ne daga ɓarnar melfalan.

A 1996 likitocin Faransa, bisa jagorancin Michel Attal, suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mutum 200. Bayan shekara 5, kashi 52 cikin 100 na waɗanda aka ware don dashe suna da rai, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 12 kaɗai. Tun daga lokacin dashe ya zama ginshiƙin jiyyar duk mai ƙarfin jikin da zai iya jurewa. Amma ga yawancin mutane ba ya raba su da ciwon har abada. Yana kwantar da shi ne, tsawon kwanciyar kuwa shi ne inda mutane suka bambanta.

Littattafai 46

A cikin kusan kowace ƙwaya ta jikin ɗan Adam akwai waɗansu zaruruwa da masana ke kira kuromosom. A 1956, a garin Lund na ƙasar Suwidin, Joe Hin Tjio da Albert Levan suka tabbatar da cewa adadinsu 46 ne, biyu-biyu, 23 daga uwa, 23 daga uba, an kuma ba su lambobi. Mu ɗauke su kamar littattafai, kowanne da hannu biyu, guntu da dogo, cikinsu kuma an rubuta umarni wajen 20,000 waɗanda ke gaya wa ƙwaya abin da za ta yi, da lokacin da za ta haihu, da lokacin da za ta mutu.

A cikin ƙwayoyin mayeloma littattafan nan sun hargitse. Ya kamata a fahimta cewa hargitsin nan ba gadonsa aka yi daga iyaye ba, ba a kuma bar wa 'ya'ya shi. A cikin ƙwayoyin ciwon kaɗai ya auku, lokacin rayuwar mutumin, sauran jikinsa kuwa littattafansa lafiya lau suke.

Hargitsin farko kashi biyu ne. Wajen rabin marasa lafiya ƙwayoyinsu suna da rarar kuromosom, musamman masu lamba 3, 5, 7, 9, 11, 15, 19 da 21. Galibi waɗannan su suka fi samun sauƙi mai ɗorewa bayan dashe. Kashi na biyu kuma shi ne inda kuromosom na 14 ya karye ya yi musayar guntu da wani. Dalilin muhimmancin wannan shi ne, a kan na 14 umarnin ƙera makaman jiki yake, kuma a ƙwayar filasma babu umarnin da ake ɗaga murya wajen karanta shi kamarsa. Duk umarnin hayayyafa da ya faɗo kusa da wurin, ya zama kamar maganar da ya kamata a faɗa da raɗa aka ba sanƙira. Idan musayar tsakanin 11 da 14 ce, wadda ake samu ga kashi 15 zuwa 20 cikin 100, hatsarin matsakaici ne. Idan tsakanin 4 da 14 ce, ko 14 da 16, ko 14 da 20, ciwon ya fi saurin komowa.

Mai Gadi Ya Bar Ƙofa

Akwai kuma ɓarnar da ke biyo baya yayin da ciwon ke tsufa. Mafi muni cikinta ita ce ɓacewar guntun hannun kuromosom na 17, inda wani umarni mai suna TP53 yake. An gano furotin da umarnin nan ke yi a 1979, aikinsa kuwa gadi ne. Idan littattafan ƙwaya suka lalace, shi ke tsayar da ita a gyara, in ɓarnar ta wuce gyara ya umarce ta ta mutu. To, melfalan yana aiki ne ta hanyar yayyaga littattafan, ya bar wa mai gadi sauran aikin. In babu mai gadi, ƙwayoyi da yawa sai su ci gaba da rayuwa da yagaggun littattafansu. Da ma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace ƙwaya tana da umarnin nan guda biyu, ciwon da ya rasa duka biyun shi ya fi kowanne taurin kai. Haka nan ƙaruwar dogon hannun kuromosom na 1, wadda ake samu ga kusan mutum ɗaya cikin uku, da ɓacewar wani yanki na guntun hannunsa, duk suna rage tsawon sauƙi.

A 2007 Hervé Avet-Loiseau da abokan aikinsa a Faransa suka bayyana abin da suka gani a ɓargon mutum fiye da 1,000 waɗanda aka yi wa jiyya mai ƙarfi tare da dashe. Kashi 11 cikin 100 sun rasa guntun na 17, rabinsu kuwa ba su kai shekara 2 ba. Kashi 14 suna da musayar 4 da 14, rabinsu ba su kai shekara 3 ba. Sauran kuwa mafi yawansu suna raye sa'ad da aka rubuta rahoton. Saboda irin wannan bincike, a 2015 ƙungiyar masana mayeloma ta duniya ta shigar da kuromosom cikin ma'aunin da ake kasa ciwon mataki uku. A cikin mutanen da aka gina ma'aunin a kansu, kashi 82 cikin 100 na 'yan matakin farko sun kai shekara 5, na biyu kashi 62, na uku kashi 40. A 2025 an sake gyara ma'anar babban hatsari, aka ƙara ba da nauyi ga haɗuwar ɓarna biyu a ciwo ɗaya, domin an ga musayar 4 da 14 ita kaɗai ba ta kai muninta ba idan ta haɗu da ɓarnar kuromosom na 1.

Ana ganin waɗannan abubuwa ne da wani gwaji da ake kira FISH. Akan zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu, a ware ƙwayoyin filasma, a zuba musu rini mai walƙiya wanda ke manne wa wuraren da ake nema, a duba da madubin likita. Inda ya kamata a ga ɗigo biyu aka ga ɗaya, an san wani yanki ya ɓace.

Amfanin Sani

Wani zai ce, mene ne amfanin gaya wa mutum ciwonsa mai taurin kai ne? Amsar ita ce alƙaluman 2007 na zamanin da magunguna ba su da yawa ne. An gano amfanin talidomaid ga mayeloma a 1999, Amurka ta amince da bortezomib a 2003, da lenalidomaid a 2006, da daratumumab a 2015. An kuwa lura cewa bortezomib ya rage sharrin musayar 4 da 14 ƙwarai, saboda haka ba a barinsa a baya ga mai irin wannan ciwo.

Da magungunan nan suka samu, sai aka fara tambaya ko har yanzu akwai bukatar dashe. A 2022 aka bayyana sakamakon wani gwaji a Amurka mai mutum 722, dukansu an ba su sababbin magunguna, rabi kuma aka ƙara musu dashe tun farko. Matsakaicin lokacin da masu dashe suka yi ciwon bai motsa ba wata 67 da rabi ne, ɗaya rukunin wata 46. A cikin masu kuromosom na hatsari kuwa tazarar ta fi haka nesa, wata 55 da rabi ga masu dashe, wata 17 ga waɗanda ba a yi wa ba. Wajen tsawon rai dai rukunan biyu sun yi kusan daidai bayan shekara 5, domin wanda ciwonsa ya komo yana da sauran magunguna a gaba. Abin da aka koya shi ne, mai ciwo mai sauƙin hali yana iya shawara da likitansa ko a jinkirta dashe, amma mai ciwo mai taurin kai shi ya fi kowa asara in aka jinkirta.

Akwai kuma batun dashe sau biyu a jere cikin 'yan watanni. Wani babban gwaji na ƙasashen Turai da aka bayyana a 2020 ya nuna amfaninsa, musamman ga masu kuromosom na hatsari, amma wani na Amurka a 2019 bai ga bambanci ba da aka haɗa dukan marasa lafiya. Saboda haka likitoci ba su haɗu a kan ra'ayi ɗaya ba, sai dai masu yinsa sun fi keɓe shi ga masu hatsari. Bayan dashe akan ci gaba da ba da magani na shekaru don danne saura, mai hatsari kuwa sau da yawa akan haɗa masa biyu. Ana kuma iya ƙidayar saura yanzu, har ƙwaya ɗaya ta ciwo cikin 100,000 ko cikin miliyan. Wanda aka nema aka rasa a ɓargonsa, abin kuma ya ɗore, yakan daɗe da lafiya ko da kuromosom ɗinsa na hatsari ne. In ciwo ya komo akan sake gwajin ɓargo, domin kamar tofa bayan gobara, saiwar da ta fi jure wuta ita ke tohowa.

Jikin Mai Ciwon

Ban da ƙwayoyin ciwo, halittar maras lafiya ita ma tana da nata tasiri. Yayin da mutum ke tsufa, waɗansu uwayen ƙwayoyin jininsa sukan sami 'yan kurakurai ba tare da ya ji komai ba. A 2020 masu bincike a birnin Boston suka duba irin da aka ɗeba daga mutum 629 kafin dashe, suka sami kurakuran ga wajen mutum ɗaya cikin biyar. Cikin waɗanda ba a ci gaba da ba su magani bayan dashe ba, masu kurakuran ba su daɗe kamar sauran ba.

Gado na ainihi yakan shigo ne idan za a karɓi ɓargon wani. A nan dole alamomin jiki da ke rubuce a kuromosom na 6 su dace, kuma tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Da yake irin wannan dashe yana da hatsari mai yawa, ba safai ake yinsa ga masu mayeloma ba. Har ila yau, wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa na jini ya yi ciwon ya fi sauran mutane yiwuwar kamuwa, ko da yake mafi yawan dangin masu ciwon ba za su taɓa yinsa ba.

Ina Muka Tsaya?

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A Amurka baƙaƙen fata sun ninka farare wajen kamuwa da mayeloma. Don a gane ko asali ne ko yanayin zama, a 2007 aka bayyana binciken jinin maza 917 masu shekara 50 zuwa 74 a Akara, babban birnin Gana. Kusan kashi 6 cikin 100 suna da furotin da ke riga ciwon bayyana, watau wajen ninki biyu na abin da aka samu ga fararen fata a jihar Minesota. Masu furotin ɗin ba marasa lafiya ba ne, mutum ɗaya cikin 100 ne ke komawa sankara kowace shekara.

Amma akwai labari mai daɗi. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna masu asalin Afirka sun fi samun musayar 11 da 14, ɓarnar TP53 kuwa ta fi ƙaranci gare su. A 2019 aka duba bayanan tsofaffin sojojin Amurka fiye da 15,000 masu ciwon, waɗanda tsarin asibitoci ɗaya ke kula da su ba bambanci, aka ga baƙaƙen fata 'yan ƙasa da shekara 65 sun fi farare tsawon rai. Ke nan inda namu suke mutuwa da wuri, a fara duba jinkirin gano ciwo da rashin magani kafin a ɗora wa halitta laifi. Akwai kuma wani gadon da ya kamata a sani: yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Duffy, kuma irinsu adadin wani kashi na fararen ƙwayoyin jininsu yakan zama ƙasa a gwaji alhali lafiyarsu ƙalau. Likitan da bai kula da wannan ba yana iya rage magani ba dalili.

A Nijeriya an yi dashen ɓargo na farko a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Binin, bisa jagorancin Dokta Nosakhare Bazuaye, ga mai ciwon sikila. Dashen mai mayeloma ya fi wancan sauƙi tun da ba a neman mai bayarwa. A birnin Oran na Aljeriya ma likitoci sun daɗe suna yinsa ba tare da daskarar da irin ba, a firjin ajiye jini suke sa shi na 'yan kwanaki, abin da ke rage tsada ƙwarai. Ya kamata hukumomin lafiya su dubi wannan, su kuma tanadi gwajin kuromosom a manyan asibitocin koyarwa, domin a san wanda ya fi bukatar dashen.

Shawara ga mai karatu ita ce, dattijon da ciwon baya ko na haƙarƙari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga kasala da ƙarancin jini, kada a tsaya cewa sanyin ƙashi ne a yi ta ɗura masa magungunan kashe zafi na kemis, domin irin su dikilofenak suna ƙara lalata ƙodar mai mayeloma. A kai shi wurin likitan jini a auna furotin na jininsa da fitsarinsa. In an tabbatar da ciwon, a tambayi likita batun gwajin kuromosom tun ran da za a ɗebi ɓargo na farko, kafin a fara magani, domin da zarar magani ya rage ƙwayoyin ciwon, samun waɗanda za a duba yakan yi wuya.